Guba ɗaya, ɓarna iri biyu: abin da maganin ƙwari ke yi wa namiji da mace



Kowace shekara, damina da rani, muna sayen maganin ƙwari da maganin haki. Muna fesa wa wake da kaɗa. Muna fesa wa albasa da shu da tumatir a garka. Wasunmu suna barbaɗa shi ga amfanin gona kafin su kai rumbu. Kowa ya san maganin nan guba ne. Wanda ya shaƙe shi da yawa yakan yi jiri da amai, yawu ya dinga zuba masa, wani ma ya rasa ransa. Wannan ita ce ɓarnar da ido ke gani.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ba ta gaggawa. Guba na shiga jiki kaɗan-kaɗan, yau da gobe, babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Sai bayan shekaru a ga magidanci ya kasa samun haihuwa, ko al'adar mace ta rikice, ko yaro ya kasa riƙe karatu. Masana sun gano cewa irin wannan ɓarna sau da yawa ta hanyar ƙwaƙwalwa da ƴan saƙonta take bi. Sun kuma gano cewa guba ɗaya takan yi wa namiji aiki dabam, ta yi wa mace dabam. A wannan shafi za mu ga dalilin haka, da abin da ya faru a wasu ƙasashe, da yadda kowa zai tsare kansa da iyalinsa.

Su wane ne ƴan saƙon jiki?

Mu ɗauki jikin mutum kamar ƙasa mai sarauta. Ƙwaƙwalwa ita ce fada. Daga fada umurni ke fita zuwa ko'ina, kuma hanya biyu yake bi. Ta farko ita ce ta jijiyoyi, mai saurin gaske. Ta biyu ita ce ta jini. Jiki yana yin wasu sinadarai, ya zuba su cikin jini, jini ya kai su inda aka aike su. Lokotoro suna kiransu ormon. Mu a nan za mu kira su ƴan saƙo.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Sunansa ipofiz. Shi ne kamar wazirin fada. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke bisansa, mai suna ipotalamus, shi ke ba shi umurni. Shi kuma ya tura ƴan saƙo zuwa garuruwa: zuwa ƙullutun wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, zuwa wasu ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda, zuwa marainan namiji, zuwa ma'ajiyar ƙwai ta mace, zuwa nono. Yawancin wuraren nan su ma suna da nasu ƴan saƙo, masu komawa fada da labari. In fada ta ji aiki ya wadatar, sai ta rage aike. In ta ji ya kasa, sai ta ƙara. Girma, balaga, sha'awa, haila, ɗaukar ciki, zuwan nono, barci, har da tashin zuciya da kwanciyarta, duk da hannun ƴan saƙo a ciki.

Makiyayi ya san aikinsu ko da bai san sunansu ba. Saniyarmu ba ta sakin nono sai an kawo mata maraƙinta. Ganinsa da tsotsonsa ne ke sa ƙwaƙwalwarta ta saki ɗan saƙon da ke matso nono. Mu dubi kuma bunsuru da taure. Bunsuru ga wari, ga faɗa, ga bin awaki. Da an dandaƙe shi, sai ya natsu, ya yi ƙiba. Ba a taɓa kansa ba, amma halinsa ya sake, don ɗan saƙon da ke tashi daga maraina zuwa ƙwaƙwalwa ya yanke.

Ƴan saƙon nan ba su da yawa cikin jini. Wasunsu kamar ɗan gishirin da yatsu biyu suka ɗauka ne aka jefa cikin tabki. Shi ya sa guba kaɗan ma ta isa ta rikita su.

Ina namiji da mace suka bambanta?

Na farko, wajen yawa. Marainan namiji suna yin ɗan saƙo mai suna testosteron. Shi ke kawo gemu, da kaurin murya, da ƙarfin tsoka, da maniyyi. Ma'ajiyar ƙwai ta mace tana yin estrojen da projesteron. Su ke kawo nono da haila, su ke shirya mahaifa ta riƙe ciki. Namiji yana da estrojen kaɗan, mace ma tana da testosteron kaɗan. Lafiyar kowa tana ga daidaiton ma'auninsa.

Na biyu, wajen tsarin aike. Ga namiji, daga balaga har tsufa, fada tana aike kusan iri ɗaya kowace rana. Ga mace, aiken yana zagayawa tare da wata. A tsakiyar kwanakin tsarki, fada takan yi babban aike lokaci guda, shi ne ke sa ƙwai ya fito. In wannan babban aike bai zo ba, ƙwai ba ya fita, kuma babu ɗaukar ciki a wannan wata.

Na ukku, wajen lokacin ginin jiki. Har ciki ya kai mako shidda, ɗan tayi namiji da mace kamarsu ɗaya. Wajen wata biyu, sai marainan namiji su fara yin testosteron. Shi ke fidda masa siffar maza, ya kuma shiga ƙwaƙwalwarsa ya taimaka wajen tsara ta. Cikin watannin farko bayan haihuwa ma yakan sake tashi na ɗan lokaci. Ƙwaƙwalwar mace kuwa tana ginuwa ba tare da wannan yawan testosteron ba. Wannan ba ya nufin wani ya fi wani hankali. Abin nufi, kowane gini da irin saƙon da yake jira, da lokacin da yake jiransa.

Ga shaida daga garke. In saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, macen kusan kullum juya take zama. Cikin goma, wajen tara ba su haihuwa. Dalili shi ne jinin su biyun yana haɗuwa tun suna ciki, ƴan saƙon namijin su shiga jikin macen a lokacin da ake gina ta. Namijin yakan tashi lafiya, ita kuwa ba ta gyaruwa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Ƙaƙa guba ke shiga tsakani?

Wasu gubobi suna kama da ƴan saƙon jiki. Sai su shiga kamar manzon ƙarya, jiki ya karɓe su, ya bi umurnin da fada ba ta bayar ba. DDT, wanda aka daɗe ana fesawa a duniya, wani sashensa yana kwaikwayon estrojen.

Wasu suna tare ƙofa. Ɗan saƙon gaskiya ya zo, ya iske an tsaya masa a hanya. DDT ɗin nan in ya daɗe cikin jiki yakan juye ya zama wani abu mai tare ƙofar testosteron.

Wasu kuma fadar kanta suke rikitawa. An gwada atrazin, wani maganin haki, ga ɓeraye mata. Sai ya hana ƙwaƙwalwarsu yin babban aiken nan mai fidda ƙwai.

Yanzu mu haɗa lissafi. Estrojen na ƙarya in ya shiga jikin yaro namiji da ake ginawa, saƙo ne da ba nasa ba. In ya shiga jikin ƙaramar yarinya, saƙo ne da ya zo kafin lokacinsa. Gubar da ke tare testosteron ta fi cutar namiji. Wadda ke hana babban aike ta fi cutar mace.

An ga wannan a fili ga kadoji. A 1980 maganin ƙwari mai yawa, dangin DDT, ya kwarara cikin tabkin Apopka a jihar Fulorida ta Amurka. Bayan shekaru masana suka binciki ƴan kadojin tabkin. Mazan, testosteron ɗinsu ya faɗi ƙwarai, gabansu ya ƙanƙance. Matan kuwa estrojen ɗinsu ya kusa ninka na sauran kadoji, ma'ajiyar ƙwansu ta lalace. Ruwa ɗaya suka zauna, guba ɗaya suka sha, amma kowane jinsi da tasa ɓarnar.

Abin da aka gani ga maza

A 1977, a wata masana'antar maganin ƙwari ta jihar Kalifoniya a Amurka, ma'aikata maza suna fira sai suka lura cewa an daɗe ba a yi haihuwa a gidajensu ba. Suka nemi a auna su. Cikin maza 25, an iske 14 ba su da ƙwayoyin haihuwa cikin maniyyi, ko kuma sun ragu ƙwarai. Maganin da suke aiki da shi sunansa DBCP, mai kashe tsutsotsin saiwa. Da aka auna jininsu, aka ga ƴan saƙon ƙwaƙwalwa sun yi yawa: fada tana ta aike, maraina ba su amsawa. A ido, mutanen nan lafiyarsu lau. Amurka ta dakatar da maganin a 1979. Ma'aikatan gonakin ayaba da yawa a Kosta Rika da Nikaraguwa su ma sun rasa haihuwa ta dalilinsa.

A jihar Kerala ta Indiya, an yi shekara fiye da 20 ana fesa endosulfan da jirgin sama bisa gonakin yazawa. A 2003 masana suka bayyana abin da suka gani ga yara maza 117 na wani ƙauye da ke gindin gonakin. Balagarsu ta makara, testosteron ɗinsu bai kai na tsararrakinsu na wani ƙauye ba. Endosulfan ɗin nan an yi aiki da shi a gonakin kaɗa na Afirka ta Yamma, kafin ƙasashen Sahel su hana shi a 2007.

Ran 10 ga Yuli 1976, wata masana'anta ta yi haɗari kusa da garin Sebeso a Italiya. Hayaƙi mai guba da ake kira diyoksin ya sauka bisa gari. Bisa al'ada, ko'ina cikin duniya, ana haihuwar maza wajen 105 ga kowane mata 100. Amma a unguwar da gubar ta fi sauka, daga 1977 zuwa 1984, an haifi yara 74: mata 48, maza 26 kaɗai. Bincike ya nuna abin yana bin gubar da ke jikin uba, musamman wanda ta same shi kafin ya kai shekara 19.

Akwai darasi a nan. A garuruwanmu, in haihuwa ta yi wuya, mace ake fara zargi. Ita ke yawon magani, wani lokaci har aure ya mutu. Alhali mai yiwuwa ne matsalar tana wajen mai gida, wanda ya shekara goma da famfon feshi a bayansa, rigarsa jiƙe da magani. In miji da mata sun shekara ba ciki, su tafi gidan likita tare, a auna kowa.

Abin da aka gani ga mata

Jikin mace ya fi na namiji ajiye kitse. Gubobi irin su DDT da diyoksin cikin kitse suke ɓoya, su yi shekaru ba su fita ba. In mace ta ɗauki ciki, sukan bi jini su ratsa mabiyiya su kai ga ɗan tayi. Bayan haihuwa kuma su bi maiƙon nono.

A 1973, a jihar Mishigan ta Amurka, an yi kuskure an haɗa wani sinadarin hana gobara, mai suna PBB, cikin abincin shanu. Mutane suka ci nama, suka sha nono. Daga baya aka bi ƴaƴa matan da uwayensu suka fi ɗaukar gubar, suka kuma shayar da su. Sun fara haila da wata shidda zuwa shekara guda kafin sauran ƴan mata.

Dalma kuwa jinkiri take kawowa. A 2003 an bayyana binciken da aka yi ga ƴan mata sama da 2000 a Amurka. Da yawa daga masu dalma cikin jini sun makara wajen fitar nono da fara haila. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba cikin ƙashi take kwanciya. Lokacin ciki da shayarwa, jikin uwa yana ɗibar abinci daga ƙashinta don ya gina na ɗanta, sai dalmar ta fito tare. Ga shi kuma mace mai ƙarancin jini hanjinta ya fi saurin tsotse dalma.

Ƙullutun wuya ma ya fi yi wa mata ciwo. Duk mun lura maƙoƙo ya fi yawa gare su. Ɗan saƙon wannan ƙullutu shi ke taimakon ginin ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kuma a watannin farko na ciki na uwarsa yake dogaro da shi. Wasu gubobi suna rage shi. In ga guba, ga kuma rashin gishiri mai iyod, ɓarna ta zama biyu.

Kada mu manta da man shafawa mai sa fari. Da yawansu suna da maganin da ke kwaikwayon ɗan saƙon ƙullutan bisa ƙoda. Yana ratsa fata ya shiga jini. Ƙwaƙwalwa ta ga kamar ya wadatar, sai ta daina aike. Da tafiya ta yi nisa, fuska ta kumbura, fata ta tsattsage, al'ada ta rikice, hawan jini da ciwon sukari su biyo. Wasu man kuma zaiba ke cikinsu. Wadda ta daɗe tana shafawa ta nemi shawarar lokotoro kan yadda za ta bari, don yankewa lokaci guda yakan kada mutum.

Ɗan da ke ciki ya fi kowa shiga haɗari

A birnin Niyok, masanan jami'ar Kolombiya sun auna wani maganin ƙwari mai suna kuloropirifos cikin jinin cibiyar jarirai. Suka bi yara sama da 250 har suka kai shekara 7. Waɗanda suka fi samun maganin tun suna ciki sun fi kasa riƙe abin da aka faɗa masu yanzu-yanzu, irin riƙon da yaro ke buƙata wajen lissafi da karatu. A 2012 aka bayyana cewa wannan rauni ya fi tsanani ga yara maza. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana maganin a 2020. A 2025 kuma aka sa shi cikin jerin gubobin da yarjejeniyar duniya ta Istokholm ke neman kawarwa.

A birnin Sinsinati na Amurka, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar samari da ƴan mata 157 da suka tashi cikin gidaje masu dalma. A 2008 aka bayyana cewa sashen goshi na ƙwaƙwalwarsu ya ragu. Sashen nan shi ke riƙe da haƙuri da shawara. Ragin ya fi yawa ga maza.

A Minamata ta Japan, wajen shekarun 1950, zaiba daga wata masana'anta ta shiga kifin teku. Akwai uwayen da ba su nuna ciwo sosai ba, amma suka haifi ƴaƴa masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa. A shekarun da gubar ta fi yawa, haihuwar maza ta ragu, don ƴan tayi maza sun fi mutuwa cikin ciki.

Mi ya sa ƙwaƙwalwar yaro namiji ta fi saurin jin wasu gubobi? Dalili ɗaya da aka gano ga dabbobi shi ne, ƙwaƙwalwar mace ta fi yawan wani sinadari mai kare ta daga lalacewa, kuma estrojen ne ke ƙara shi. Amma kada a ce mata sun tsira. A wani bincike na 2011, kan sinadarin BPA da ke cikin wasu robobi masu tauri, yara mata ne suka fi nuna fargaba da rashin natsuwa suna da shekara 3.

Ina muke haɗuwa da waɗannan gubobi?

Labaran nan na nesa ne, amma gubobin suna kusa da mu. A kasuwanninmu ana saida piya-piya da wasu magunguna cikin kwalba marar takarda, ba wanda ya san abin da ke ciki. Kwamitin ƙasashen Sahel mai ba magungunan ƙwari izini ya hana atrazin a 2015, amma haramtaccen magani yakan ƙetaro iyaka a ɓoye.

Namiji ya fi haɗuwa da guba wajen dama magani da feshi, ta fata da numfashi. Mace takan haɗu da ita ta hanyoyin da ba a lura: wankin rigar feshi, cirar haki da tsinkar wake a gonar da aka fesa jiya, yankan ganyen miya, ɗibar ruwa cikin jarkar magani, shara a ɗakin da aka ajiye shi. Mai hura wuta da leda ko ƙona shara mai robobi tana shaƙar mugun hayaƙi, kuma ƙonar shara irin wannan tana fidda diyoksin. Yaron da ke goye yana shaƙar abin da uwarsa ta shaƙa.

Dalma tana cikin wani kwallin dutse, da tsohon batirin mota, da dutsen zinariya na wasu wurare. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, yara sama da 400 sun mutu saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma cikin gidaje. Zaiba kuwa masu haƙar zinariya ke ƙonawa don su ware ta daga ƙasa.

Mi ya kamata maza su yi?

Mu sayi magani mai izini, cikin kwalbarsa ta asali, mai takarda. Mu tambayi malamin gona kafin mu saya. A gindin takardar akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Mu sa doguwar riga da wando, da takalman roba, da safar hannu, mu rufe hanci da baki. Kada mu dama magani da hannu. Kada mu busa bakin famfo in ya toshe. Mu gyara famfon da ke yoyo, don fatar baya da ta tsakanin cinyoyi tana tsotse guba, fatar maraina kuwa ta fi ko'ina saurin tsotsewa.

Mu yi feshi da sassafe ko da marece, ba cikin iska ba. Kada mu ci, ko mu sha, ko mu tauna goro muna cikin aiki. In mun gama, mu yi wanka da sabuni kafin mu ɗauki yaro. Mai feshi shi zai wanke rigarsa da kansa, dabam da tufafin gida, nesa da rijiya.

Kada mu ba yaro famfo. Saurayin da bai gama balaga ba, jikinsa yana cikin gini.

Mi ya kamata mata su yi?

Mai ciki, da mai shayarwa, da wadda ke neman ciki, kada su dama magani, kada su fesa, kada su wanke rigar feshi. Watanni ukku na farko sun fi haɗari, kuma sau da yawa ciki yakan yi wata guda ko biyu kafin mace ta sani. Don haka a fara kiyayewa tun kafin a tabbatar.

Kada a shiga gonar da aka fesa sai kwanakin da takarda ta faɗa sun cika. A wanke salati da shu da tumatir da ruwa mai tsabta. A daina hura wuta da leda. A daina sa wa jarirai kwallin dutse. A yi miya da gishiri mai iyod. A je awon ciki, a sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa, a kuma faɗa wa ungozoma irin maganin da ake aiki da shi a gida.

Kada tsoro ya sa a yaye yaro. Nonon uwa ya fi kowane abinci, amfaninsa ya rinjayi ɗan abin da ke bin sa. A ba jariri nono zalla har wata shidda. Uwar ce za a nisanta da guba.

Aikin gida duka

Kada a ajiye magani a ɗakin kwana, ko cikin rumbu, ko kusa da abinci. A kulle shi inda yara ba su kai. Jarkar da ta ƙare a ɗauraye ta sau ukku, a zuba ruwan cikin famfo, a huda ta don kada wani ya zuba ruwa ko mai ko nono. Kada a daka dutsen zinariya ko a ƙona zaiba cikin gida.

Akwai hanyoyin rage guba. Buhun PICS mai ninki ukku, wanda masanan INRAN na Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa, yana tsare wake ba tare da magani ba. In an ɗaure shi da kyau, ƙwarin ciki sun rasa iska. Ruwan dakakkun ƴaƴan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, yana korar ƙwari da yawa a garka. Kuma a duba gona kafin a fesa, don ba kowane ƙwaro ne ke cin amfani ba.

In wani ya sha magani ko ya zube masa, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi da ruwa da sabuni. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai. A kai shi gidan likita nan take, tare da kwalbar maganin.

Abin riƙewa

Maganin da bai kada mai feshi yau ba, yana iya taɓa haihuwarsa gobe. Wanda bai sa mai ciki ko ciwon kai ba, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar ɗanta. Namiji da mace kowa da inda guba ke kama shi, ɗan da ke ciki kuwa ba shi da mai tsaronsa sai mu. Kafin feshi na gaba, mai gida da uwargida su zauna su shirya: wa zai fesa, wa zai wanke riga, ina za a ajiye kwalba, yaushe za a koma gona. Mu kai maganar nan ga ƙungiyoyin manoma da na mata, mu tambayi malaman gona da ma'aikatan lafiya abin da ya shige mana duhu. Rigakafi ya fi magani.